Labarin da Ban Ƙarasa wa Kakata Ba

Jiya na tsinci wani yagaggen littafi a akwatina, sai kakata ta faɗo mini a rai. Ba ta yi boko ba. Wani dogon hutun damina, farkon samun 'yancin kai, kullum takan tura ni ɗakin karatu na Dutsin-Ma in karanto mata labari, tunda ba a ba da aro. In dawo in tarar tana kaɗi, yatsunta duk alli, ta ce, "Maigidan, ina muka kwana?"

Rannan na iske an yage shafukan ƙarshe na littafin da nake karanto mata. Na gaya mata. Ta ajiye mazari ta ce, "To ƙirƙiro mini mana."

Na ƙi, wai ni ɗan makaranta ba na ƙarya. Kafin a yanke gero ta rasu. Har yau ina jin haushin kaina. Allah ya haskaka kabarinta.