Jan Abu a Bakin Gota

Ranar bikin ƙanwata a Moshi Zongo 'yata ƙarama ta ɓace mini. Da safe an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babbar gotar bayan layinmu ta cika tana ambaliya.

Na ruga wajen mai hoton biki, wanda ke shawagi da ɗan jirgin nan mai kyamara a kan taro. Na ce, "Masta, don Allah ɗaga shi sama ka nemo mini yarinya, jar atamfa ce a jikinta." Sai da na rufe baki na tuna kowa ja ya sa. Yayin bikin ke nan, wato anko, kuma ni ce ma na zaɓi zanen.

A allon da ke hannunsa muka hango wani jan abu kwance a bakin gota. Wayoyin lantarki suka hana shi sauko da jirgin. Na ce to ya jawo hoton kusa mana! Ya ware yatsu a kan allo, abin ya ƙara girma amma ya zama dabbare-dabbare, ba kai ba ƙafa.

Ya ce, "Anti, gilashin wannan ba ya jawo nesa, hoton kawai yake kumburawa. Mai jawowa na gaske ya fi ƙarfina."

Ban san abin da na faɗa masa ba. Na kwasa da gudu ba takalmi, ina salati. Ashe ɗankwalin wata ne ya maƙale a ƙarfe. Yarinya tana ƙarƙashin teburin abinci tana barcinta.

Har yau dangi na gunaguni, su yi ta yi. Kowane biki 'yata ita kaɗai nake sa wa launi dabam.