Jinin Gagarau

Gagarau ake ce masa, sunan da masu lambu suka laƙaba masa tun yana saurayi. Feshin maganin ƙwari ne sana'arsa. Yakan goya tankin roba, hannun hagu na buga famfo, na dama riƙe da sandar feshi, ya bi layin bishiyoyin lemo har rana ta take. Ba ya sa takunkumi, ba ya sa safar hannu. Idan bakin sandar ya toshe, da baki yake hurawa ya tofar. Abokan aikinsa kan kwanta jinya, shi kuwa ko ciwon kai sai jefi-jefi. Matarsa takan ce idan sauro ya cije shi, sauron ne za a kai asibiti.

Yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, tela. Da idon Tela ya fara kasa zura zare a allura, sai ya rufe shago ya zo neman aiki wurin yayansa.

"Yaya, ba a rufe hanci ne?" ya tambaya a ranar farko.

"Rufe in kana so. Ni dai ga ni nan ka gani."

Tela ya dubi takunkumin, ya dubi yayansa, ya tura shi aljihu.

Ba a yi nisa da fara aikin ba, wata rana iska ta juyo da feshin kansu. Tela ya ajiye tanki ya zauna a gindin bishiya. Gumi ya jiƙa rigarsa, yawu na dalala, naman cinyarsa na rawa shi kaɗai. A motar ɗaukar lemo aka kai shi asibiti.

Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta karanta jikin kwalbar maganin, ta sa aka ɗebi jininsu su biyun. Daga baya ta sami Gagarau a kan bencin baranda.

"Baba, kai ma gubar ta shige ka, sai dai ba ta kama ka kamar shi ba. Akwai wani sinadari da hanta ke zubawa cikin jini, shi ke farfasa irin wannan guba kafin ta kai ga jijiyoyi. Na wani da ƙarfi, na wani ba ƙarfi. Gadonsa ake yi. Ina zaton naka mai ƙarfi ne."

"Ai cikinmu ɗaya."

"Ko ciki ɗaya ne, ba a samunsa daidai. Kai ma ba duka yake tare maka ba."

"To a ɗebi nawa a sa masa."

"Ba a yin haka, Baba."

Ya ce to.

Washegari da hantsi Tela ya cika. Gagarau bai yi kuka ba. Yana tsaye yana kallon fankar ɗakin, wadda fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, har ma'aikaciyar jinya ta ce ya matsa za su wuce da gado. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, yana amsawa da "haka ne", ko da ba a faɗi abin da ya dace da amsar ba. Matar Tela ta tambayi takalman mijinta. Ya taka har lambu ya ɗauko su a inda aka bar su, ya wanke, ya kai mata.

Ya koma feshi, don ba shi da wata sana'a. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano, amma yana cinye abin da aka zuba. Ya ɗauki karatun 'ya'yan Tela a wuyansa, bai taɓa barin ɗayansu ya leƙa lambun ba.

Ciwon baya ne ya raba shi da tanki daga ƙarshe. Yanzu shi ke gadin ƙofar lambun. Yana zama a kan kujerar ƙarfe, ya buɗe wa motoci, ya rufe, shayinsa na hucewa a gefe.