Kilisar Jaki

A Gidan Sori, kakata Iya Hajo ba ta yin tatsuniya kyauta. Bayan lisha sai ta kwanta rubda ciki kusa da wutar kara, ni da wana Ilu mu hau bayanta muna takawa, ƙashi na ƙara kamar ana karya kirare. Daka da jan guga ne suka tanƙwara ta. In ta ji daɗi sai ta ce mini, "To angona, buɗe kunne, ga ta nan tahe."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta jaki da doki. Wai gidansu ɗaya. Kowace yamma a fitar da doki kilisa, ya zaga fili babu kaya, ya dawo a share masa gumi a zuba masa harawa. Jaki ya ga doki sai sheƙi yake, shi kuwa bayansa duk miki. Ya roƙi maigida shi ma a riƙa kai shi kilisa. Maigida ya ce ai wannan mai sauƙi ce. Da asuba ya ɗora masa taikin gero, ya kora shi kasuwa da sanda yana cewa, "Ga kilisa, har ta fi ta doki nisa." Jaki ya yi ta yi wa dabbobi alfahari wai ya zama ɗan gata, har ranar da ya durƙushe a hanya bai tashi ba.

Mu dai dariya muke, wai jaki wawa. Iya Hajo kuwa sai ta tofa yawu cikin toka.

"Ku dariya taz zo muku? Doki in ya gaji tsayawa shikai. Jaki hwa, wa ka tambaya tai?"

Yau ni tela ne a Gidan Rumji. Zama ya ajiye mini tumbi, likita ya ce in riƙa tattaki da safe. Ina yi, ranar da na ji ƙyuya in fasa, ba mai ce mini ƙala. Ilu kuma dako yake a kasuwar hatsi, buhu bisa wuya tun safe. Bana bayansa ya riƙe.

Kwanan baya yana kishingiɗe a bencin shagona, sai ga alhajin da yake yi wa lodi ya dawo daga guje-gujensa, da farin takalmi da gorar ruwa.

"Ilu, kai kam ka more! Mu sai mun sai takalmi muna gudu, kai ko ana biyanka kana motsa jiki. Tashi, mota na jira. Ai aikin shi ka warware baya."

Abin da ya fi ci mini rai, Ilu ya taya shi dariya, ya ce, "Gaskiya ta, Alhaji," ya dafa bango ya miƙe.

Tun daga ranar na daina ganin wautar jaki. Maigidan ne abin ƙyama, mai canza wa wahala suna don ya ji daɗin kallonta. Gumin da mutum zai iya cewa ya isa daban, wanda sai an sallame shi daban, ko da warinsu ɗaya.

Da azahar ɗin ranar na hangi Ilu a masallaci, can ƙarshen sahu cikin tsofaffi. Bai kai arba'in ba, a zaune yake salla.