Sun Yi wa Bazawarata Kome

Wasan barkwanci na rubuta, ba huɗuba ba. Bazawara ce mai 'ya'ya uku ta koma kwaleji, ta tarar abokin ɗanta ne monitan aji, malamai kuma in sun shigo ita suke fara gaisarwa, a zatonsu uwar wani ce ta kawo ƙara. Ban ƙago komai ba. Ni miji ya saka, ni na zauna a bencin nan da goyo.

Muka ɗauke shi a bidiyo, muka haska a wani zaure a unguwar Gwallameji, nan Bauchi. Mata suka yi ta dariya har ɗankwali na zamewa. Burina ɗaya, gidan talabijin ya karɓa. Sai aka jera wa masu sharhi kujeru a gaba, maza uku, kowa da ruwan gorarsa.

Na farko, malamin jami'a, ya gyara tabarau ya ce wasan ba shi da darasi. Na biyu, mai rubutu a jarida, ya ce matar ta cika fara'a, bazawarar kirki da ɗan alhini ake ganinta, in aka nuna wannan matan Bauchi layi za su yi neman takardar saki. Ji mini mutum. Ina kallonsu fa lokacin wasan, suna danne dariya da hankici.

Na ukun daga gidan talabijin yake, shi ne mai wuƙa da nama.

"Hajiya, sai an yi kome. Ki mayar da ita ɗakin mijinta a ƙarshe, mu kuma mu haska."

Raina ya ɓaci. Na ce mutumin da ya watso mata kaya waje ana tsakar damina za ta koma wa? Ba da alƙalamina ba. Ya yi murmushi ya ce Allah ya huci zuciyata. Kwafin bidiyon dai na hannun gidan talabijin, kuma sun san gidajen 'yan wasan.

Bayan Sallah maƙwabciyata ta leƙo, wai in zo ana nuna wasana. Na zauna a falonta. Komai nawa ne har inda na tsaya. Sai ga ƙari: bazawarata da rigar kammala karatu, durƙushe gaban tsohon mijin, tana kuka tana neman gafara. Sunana ya fito da manyan baƙaƙe.

Maƙwabciyar ta share hawaye, ta dafa kafaɗata.

"Allah ya yi miki albarka. To ke yaushe za ki koma?"