Farar da Ba Ta Ci Gero Ba

A ciwonta na ƙarshe, Inna ta ƙi shinkafa, ta ƙi madara, ta ce ita soyayyar fara take so, irin ta Maraɗi, mai yaji da ƙuli. Fara a Makka, jama'a! Na zaga unguwar Tandabawi gida-gida wajen mata masu sayar da daddawa da kuka, kowa ta ce ba lokacinta ba ne. Ita kuwa Inna kullum ƙara ramewa take, ga idonta ya riga ya tafi. Kai ta gida ba zai yiwu ba, jikin ba zai ɗauki tafiya ba.

Ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Rusaifa, aikina ɓare jatan lande, wanda nan muke ce wa jambari. Akwai wani iri ƙanana jajaye da ke zuwa a kwali, daskare kamar dutse. Mai dafa mana abinci ya ce ba kiwonsu ake yi ba, a tekun ƙasashen ƙanƙara ake kamo su, can arewacin duniya. Wata ƙasa ta kama, wata ta dafa ta daskarar, wata ta yi dillanci, kafin su iso hannuna. Na dube su da kyau, ga ƙafafu, ga gashin baki, na ce wallahi wannan ai fara ce ta faɗa ruwa.

Na sayi kaɗan na kai gida. Na shanya su a saman bene, na soya har suka yi ƙamas, na barbaɗa yaji da ƙuli. Na ajiye mata kwanon a gabanta.

Ta lalubo ɗaya, ta daɗe tana taunawa.

"Ke, wannan farar ba ta taɓa cin gero ba. Daga ina take?"

Na gaya mata gaskiya, har zancen ƙanƙarar.

"Allah sarki," in ji ta. "Ashe ita ma daga nesa aka kwaso ta." Ta tura mini kwanon a hankali. "Ci abinki, 'yar nan. Kin yi ƙoƙari."

Na fita tsakar gida na yi kuka har maƙwabciya ta leƙo. Daga ranar Inna ba ta sake roƙon komai ba, kuma wannan shirun ya fi roƙon ci mini rai.

Da ta rasu, masu gaisuwa sai cewa suke ta dace, ta kwanta a ƙasa mai tsarki. Na sani, na kuma gode wa Allah. Amma da yunwa uwata ta tafi, kada wanda ya ce mini ba haka ba.

Bayan rasuwar, ana sauke alhazai a shekarar, wata 'yar garin su Inna ta neme ni har gida da leda a hannu. Wai ta ji labarin Inna na son fara, ta taho mata da ita.