Kaffarar da Fada Ya Ɗora wa Abokina

Shekarun baya, lokacin ina aikin sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, ɗaki ɗaya muke zaune a unguwar Bani Malik da wani abokina ɗan Kudancin Kaduna. Ɗan Katolika ne, ya girme ni nesa ba kusa ba.

Tun kafin ya zo Saudiyya matarsa ta bar gidansa. Bakinsa ne ya jawo. A gaban danginsa ya ce ita ce ba ta haihuwa, ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta.

Ni da ko zance ban taɓa zuwa ba, sai ga ni ina ba da shawarar aure. Na ce, "Oga, halas, shi ke nan, ka sallame ta ka nemi wata mana."

Ya ce, "Malam, mu aurenmu babu saki. A gaban Allah na ce sai mutuwa. Ko tana gidan ubanta, matata ce."

Da yake babu coci a Jidda, sai da ya je hutu gida ya samu Fada, limamin cocinsu, ya durƙusa ya faɗi laifinsa. Da ya dawo ya ce an ɗora masa abin da mu za mu kira kaffara: 'yan addu'o'i, sannan duk Juma'a, ranar hutunmu, ya kira ta a waya ya saurare ta, kada ya kare kansa ko da kalma guda.

Na ce ai wannan ya samu sauƙi. Ashe ban sani ba. Mutum ne da ko kafili, ubangidan da ya kawo mu aiki, ba ya bari ya kai ƙarshen magana.

Da farko tana jin muryarsa take kashe wayar. Daga baya ta fara magana, har ina jiyo faɗanta daga inda nake guga. Shi kuwa yana bakin katifa ya dunƙule hannu, gumi na keto masa.

Wata Juma'a ya ajiye wayar. Can ya ce, "Ashe ta taɓa yin ɓari a gidana. Ita kaɗai ta je asibiti, don tsoron abin da zan faɗa."

Da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare bai sabunta ba. Ya koma gida, ya tara dangin nan, ya janye maganarsa a gabansu. An daɗe kafin ta dawo. Har yau Allah bai ba su haihuwa ba, amma suna tare.

Ni Musulmi ne, tun ina yaro aka koya mini cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kawai. Amma a littafi na san shi. A ɗakin nan na ga yadda ake biyan sa, kuma na gane neman gafara ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne ka zauna a faɗa maka girman abin da ka yi, ka ji shi har ƙarshe.