Aukje da Kifin Sabuwar Kaka

Aikina a ofishin kasuwar garinmu shi ne raba rumfuna duk ranar Asabar, kuma tagata tana kallon rumfar Sjoerd mai kifi. Shi ya sa na san Aukje Wiersma fiye da yadda take zato.

Aukje gwauruwa ce mai jan kumatu, muryarta kamar ta mai shela. Ta daɗe tana wanki a gidan tsofaffi. Da ƙarfi ya fara ja baya, Sjoerd ya ba ta wani aiki marar suna: ta tsaya gaban rumfarsa da kwando tun da safe, kamar mai saye. Mutumin garinmu ba ya tsayawa inda babu kowa, amma da ya hango bayan mutum ɗaya sai ya bi layi, tun bai san abin da ake sayarwa ba.

"Sjoerd, tsohon ɓarawo," takan ce da ƙarfi, "surukina likita ya cinye na wancan makon. Wai maganin zuciya ne."

Ba ta da suruki, balle likita.

"Saura kaɗan fa, maƙwabciya," in ji Sjoerd, alhali gangunan kifi na jibge ƙarƙashin tebur.

Abu ɗaya ne ko Sjoerd bai sani ba. Kifin da yake sayarwa ɗanye ake cinsa, Aukje kuwa ba ta taɓa kai shi baki ba. Ƙyamarsa take yi. Kyanwarta ce dai take ta ƙiba.

Da watan Yuni ya kama, kifin sabuwar kaka ya iso, sai Sjoerd ya manna hotonta ko'ina a gari: Aukje ce za ta ci na farko, a gaban jama'a. In ta yamutsa fuska, aiki ya tafi, asiri ya tonu.

Ta leƙo tagata. "Magatakarda, babu dokar da ta hana cin kifi a tsaye?"

"Na duba, Aukje. Babu."

"Kai dai ba ka da amfani."

Ranar, kasuwa ta cika. Aukje ta kama kifin ta wutsiya, ta tsoma a yankakkiyar albasa, ta ɗaga kai kamar yadda kowa ke yi. Kifi na gab da leɓe sai ta tsaya. Ta shinshina. Ta sauke hannu, ta matsa kusa da Sjoerd, ta yi masa raɗa irin wadda har mai cuku a ƙarshen layi ya ji.

"Rufe gangar nan. Kar ka sayar wa waɗannan, ba su san darajarsa ba. Ajiye mini ita duka."

"Ke kaɗai ke da baki?" in ji matar mai burodi.

Nan take aka yi ca a kan rumfa, aka ture Aukje gefe. Babu wanda ya ga kifin ya faɗa kwando sai ni. Kafin rana ta take, tebur ya koma wayam.

Aiki dai ya tsira. Sai dai da yamma Sjoerd ya turo amalanke har ƙofar gidanta, fuskarsa cike da fara'a.

"Ga gangarki, maƙwabciya. Na ji yadda kike sonta, na hana kowa."

Ta yi godiya yadda ya kamata. Mako na zagayowa na ga ta ƙaro kyanwa ta biyu.